Kilo Huɗu da Kunnen Hagu

Takardar sanarwar ta iso makarantarmu ta lise a Damagaram ana saura mako uku mu zauna jarrabawar ƙarshe, wadda muke kira bak. An kafe ta a jikin ƙofar ofishin darekta. Gwamnatin soja ce ke neman samarin da suka gama lise domin a tura su makarantar hafsoshi a wata ƙasa. Duk wanda aka ɗauka, daga ranar cinsa da suturarsa da makwancinsa sun koma wuyan gwamnati. Wannan layin kowa ya karanta sau biyu, don a lokacin an rage mana tuwon ɗakin kwana, kuma babu wanda bai san abin da ke jiransa a gida ba.

Ni ban taɓa sha'awar kaki ba. Ina son littafi, ina tsoron tsawa. Amma na tsaya a gaban ƙofar nan na kwafe jerin takardun da ake buƙata a bayan littafina na lissafi. Na zauna jarrabawa, na ci, na hau kamiyo, babbar motar kaya, na koma Matameye.

Daminar da ta gabata ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gero ya ƙone yana iya gwiwa. Ga iyakar ƙasa a rufe shekara ta biyu ke nan, sojojin da ke mulki a can ƙetaren suka rufe, saboda haka Baba bai je Kano cin rani ba kamar yadda ya saba. Na iske gidanmu mutum biyar: Baba, Inna, ƙannena mata biyu, da Yaya, babbar 'yarsu, wadda mijinta ya bi hanyar daji ya ƙetara neman abinci ya bar ta a hannun iyayenta. Rumbu babu komai. Abin da ake ci shi ne jar dawar taimako da ake rabawa a gaban ofishin sufurefe, wakilin gwamnati na garin, sai ganyen tafasa, sai dilo, wato 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin su ciwu.

Washegarin isowata, bayan sallar asuba, na zauna gaban Baba a zaure na fassara masa abin da na kwafo. Ya saurara har na gama bai katse ni ba.

"Soja dai?" ya ce.

"Hafsa, Baba. Karatu ne na shekaru, sannan a ba mutum galo, alamar muƙami a kafaɗa."

"Kai kana so?"

Na ce ina so. Shi ba masoyin soja ba ne, ba kuma maƙiyinsu ba. Yakan ce su ke riƙe da ƙasa, kuma motocinsu ne suka kawo dawar da muke ci. Daga ƙarshe ya ce in saka riga mu je wurin Sarjan.

Sarjan tsohon soja ne tun na zamanin Faransa, kowa a unguwa da galonsa yake kiransa. Kullum yana zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci da sandarsa a gicciye bisa cinya. Shi ya karɓi ragamar dosiye, wato tarin takardun neman shiga. Ya sa na sayo farar takarda mai faɗi da tambur, wato kan sarki na gwamnati, na rubuta wasiƙar roƙo da hannuna. Ta farko ya ce layukan sun karkace. Ta biyu tawada ta ɗiga a gefe.

"Wanda zai karanta wannan bai san fuskarka ba," ya ce. "Takardar ce fuskarka. Sake."

Sai a ta uku ya gyaɗa kai. Takardar haihuwata ba ta asibiti ba ce, ta alƙali ce, irin wadda ake rubuta cewa an haifi mutum wajen shekara kaza, aka kai aka buga mata hatimi. Takardar shaidar cewa ban taɓa shiga kaso ba sai da aka aika Damagaram ta hannun wani direba. Mai hoto na bakin kasuwa ya ara mini farar riga, ya tattare ta a bayana da allura saboda ta yi mini yawa, ya ce in ɗaga haɓa. Takardar amincewar uba kuma Baba ya je ofis da kansa ya sa hannu da ajami, a hankali, harafi bayan harafi. Cikin kwana goma komai ya haɗu. Sarjan ya jera su a cikin wata koriyar jakar kwali, ya ɗaure da zare, ya miƙa wa Baba, ba ni ba.

Sannan ya juyo ya ce, "Cire rigarka."

Na cire a nan ƙofar masallaci. Ya miƙe da ƙyar, ya zagaya ni, ya taɓa haƙarƙarina da kan sanda.

"Malam," ya ce wa Baba, "takardu sun yi. Yaron ne bai yi ba. Kafin a ba shi alƙalamin jarrabawar shiga likitan soja zai auna tsawonsa, ya auna nauyinsa. Dogo ne, tsawon nan yana neman nama. A haka daga ƙofa za a mayar da shi."

Sana'ar Baba ta asali awon gyaɗa ce. A shekarun da gyaɗa ke gyaɗa a ƙasarmu, shi ke tsaye a kan baskil ɗin wani Alhaji, babban ma'aunin ƙarfe da ake ɗora buhu a kai. Gyaɗa ta mutu tun lokacin babban fari na farko, Alhajin ma ya rasu, amma baskil ɗin yana nan a wani tsohon sito bayan kasuwa, makullin kuma a hannun Baba. Can muka nufa mu uku. Baba ya share ƙasar da ta taru a kai da gefen rigarsa, ya gwada shi da dutsen awo ya tabbatar bai karkace ba, sannan ya ce in hau. Ya riƙa tura ƙarfen a kan sandar da ɗan yatsa har ta tsaya cak. Ya faɗi lambar. Sarjan ya yi lissafinsa da baki ya ce sai an ƙara kilo huɗu. Ranar ganin likita saura kwana arba'in.

"Da safen ranar ya sha ruwa buta biyu," in ji Sarjan. "Ruwa ma nauyi ne. Haka muka yi a zamaninmu."

Baba ya girgiza kai. "Shekara ashirin ina awo, ban taɓa karɓar buhun da aka jiƙa ba. Ba zan kai wa gwamnati nawa a jiƙe ba. Zai ci abinci."

A ranar ya tara gida ya yanke magana. Daga yau ana raba tukunya biyu, rabi nawa ni kaɗai, rabi na sauran mutum biyar. Nonon akuyarmu ɗaya da ta rage nawa ne. Ba zan je gona ba, don hauya tana cin nama. Babu wanda ya yi musu. Yaya ce kawai ta tambaya ko za a riƙa ba ni a tsakar gida, Inna ta ce a'a, a ɗaki, kada yara su gani.

Ruwa ya sauka da kyau a wannan daminar, kamar ba shi ne ya guje mu bara ba. Amma duk wanda ya yi noma ya san babu lokacin da yunwa ta fi tsanani irin sa'ad da gero ke kore a gona, rumbu kuma a wofi. Kowace safiya Baba da Yaya da babbar ƙanwata sukan saɓa hauya su nufi gonarmu ta hanyar Dawce, da ruwan kunu tsararo a gora. Ni kuma in ɗan yi gudu sau ɗaya zuwa bakin tafki in dawo, kamar yadda Sarjan ya tsara, in yi wanka, in zauna a ɗaki da littattafan tarihi da lissafi. Da hantsi Inna ta shigo da ƙwaryar nono da dambun tafasa. Da azahar tuwon jar dawa. Wani lokaci ƙuli-ƙuli guda biyu da ban san inda ta samo su ba. Ta ajiye, ta ja labule, ta fita.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai taɓa yi ba yadda cin abinci yake a bayan labule alhali kana jin motsin masu yunwa a waje. Kwanakin farko na riƙa rage loma biyu uku a kwano. Yaya ta gane. Ta shigo da kanta, ƙafafunta duk taɓon gona, ta dangwarar da kwanon a gabana.

"Idan ka rage, ka yi mana asara biyu," ta ce. "Mu ba mu ƙoshi ba, kai ba ka yi nauyi ba. Cinye ina kallo."

Na cinye tana kallo.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan je sito ni da Baba. Juma'ar farko rabin kilo. Ta biyu kilo ɗaya da ɗan wani abu. Baba dai yakan zana lambar da gawayi a jikin bango, ya kulle ƙofa. Amma a hanyar komawa nakan ga tafiyarsa ta yi sauƙi, har ya tsaya gaisawa da mutane fiye da yadda ya saba. Shi kuwa wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake.

Akwai abin da ban faɗa wa Baba ba, ban faɗa wa Sarjan ba. Kunnena na hagu ba ya ji. Ina shekara shida na yi ƙyanda a wani rani da Baba ke Kano, kunnen ya yi ta zubar da ruwa har wata biyu, da ya bushe sai ya bushe da jin. Inna ta sani, don ita ta yi jinya. Ba ta gaya wa Baba ba a lokacin, tana tsoron kada a ce ba za a sa ni lakwal, makarantar boko, ba. Ni kuma na tashi na iya zama da abina. A aji nakan zauna ta gefen hagu don malam ya kasance ta damana. In ana magana nakan ɗan karkata kai, mutane suna ɗauka ladabi ne. Na yi shekara goma sha uku a makaranta babu malamin da ya lura. Har ni kaina nakan manta.

A mako na uku Sarjan yana ba ni labarin yadda ake ganin likitan soja, don kada in firgita. Ya ce za a tuɓe mu, a auna mu, a duba haƙora, a sa mu karanta haruffa daga nesa.

"Sannan ya tsaya bayanka ya toshe maka kunne ɗaya, ya yi raɗa, ka maimaita. Wannan ba komai ba ne, wasan yara ne."

Na ce to. Na gama zaman, na yi masa sallama, na taho gida.

Na iske Inna ita kaɗai a bayan ɗaki tana sauya ruwan dilo. Na tsuguna kusa da ita na gaya mata abin da Sarjan ya ce. Ba ta ɗago ba. Ta tsiyaye ruwan ɗacin, ta zuba sabo.

"Inna, gara a gaya wa Baba. Abincin nan da nake ci na banza ne."

"Wa ya ce maka na banza ne?"

"Za su gane."

"Ka san za su gane, ko kana tsammani?" Ta goge hannunta a zane. "Malamanka nawa suka gane? Likitan nan mutum ne, yana da yara ɗari a gabansa. Wataƙila ya duba, wataƙila ya gaji. In ka gaya wa babanka yau, ka san halinsa, zai je ya karɓo takardun da kansa. Shi ke nan an rufe ƙofar da hannunmu. Bar ta Allah ya rufe in zai rufe."

"Su Yaya fa?"

Sai a nan ta dube ni. Idanunta sun faɗa, ban lura da haka ba sai ranar.

"Ran da ka sauko daga kamiyo ban gane ka ba sai da ka yi magana," ta ce. "Ko babu soja, da na samu dalilin da zan ciyar da kai da na yi. Tashi ka je ka yi karatunka."

Na tashi. Na san maganarta ba ta wanke ni ba, amma na riƙe ta don ta yi mini daɗi. Wannan shi ne gaskiyar abin. Ina jin yunwa, ina kuma son in tafi.

A mako na biyar, lokacin maimai, Yaya ta faɗi a gona. Jiri ne ya ɗebe ta tana tsakiyar kunya. Baba da wani maƙwabcin gona suka kawo ta a amalanke, aka kwantar da ita a inuwa, Inna tana shafa mata ruwa a fuska. Na ɗauko ƙwaryar nonon da aka ajiye mini na kai bakinta. Ta sha kurɓi biyu, da ta gane ko na wane ne sai ta kawar da kai. Da la'asar ta tashi zaune, washegari ta koma gona.

Juma'ar da ta biyo baya na yi niyyar faɗa wa Baba. Na shirya maganar tun a masallaci. Na hau baskil, ya tura ƙarfen, sandar ta tsaya. Kilo uku da rabi. Ya zana a bango, ya juyo, sai na ga yana murmushi, abin da ban gani a fuskarsa ba tun da na dawo.

"Saura kaɗan," ya ce. "Kana da magana?"

Na ce babu.

Ranar tafiya Baba ya raka ni tasha da koriyar jakar a hannunsa, bai ba ni ba sai da na hau mota. Na kwana gidan wani abokin karatuna a Damagaram, da sassafe na isa barikin soja. Mun fi yadda na zata yawa, samari daga ko'ina cikin jihar, wasu na san su a lise. Aka karɓi takardu a wani tebur. Sojan da ya buɗe nawa ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanda ya haɗa dosiyen nan ya san aiki. Aka sa mu layi da gajeren wando a barandar asibitin bariki. Na ga ƙasusuwan bayan wanda ke gabana, na gane ba kowa ne aka raba wa tukunya biyu ba. Shi aka mayar daga wurin awo. Ya saka rigarsa ya fita bai dubi kowa ba.

Ni na hau ma'auni, wani soja mai farar riga ya rubuta, ya ce in wuce. Haƙora lafiya. Haruffan bango na karanta har layin ƙasa. Aka saurari ƙirjina. Sai ɗakin ƙarshe.

Likitan ba tsoho ba ne, hafsa ne mai tabarau, muryarsa a ƙasa. Ya ce in fuskanci bango. Ya toshe mini kunnen hagu da yatsa, ya yi raɗar lambobi, na maimaita duka. Sannan ya zagayo ya toshe na dama. Ɗakin ya yi tsit. Ina jin bugun jinina kawai. Na san yana magana don ina jin iskar bakinsa a wuyana. Na faɗi wata lamba da ka. Ya sake, na sake faɗin wata. Sai ya cire yatsansa.

"Ban faɗi lamba ba," ya ce da Hausa. "Sunan garinku na tambaye ka."

Ya zaunar da ni, ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro. Ƙyanda ce."

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

Bai yi faɗa ba. Ya ce sojan da ba ya sanin ta inda ƙara ta fito hatsari ne ga kansa da mutanen da ke bayansa, kuma shi ba zai iya sa hannu ba. Ya tambayi makin da na samu a bak, na faɗa, ya ce in nemi makarantar horon malamai, ana karɓar takardu har ƙarshen wata. Ya rubuta kalma ɗaya a kan takardata, ya kira na gaba. A ƙofa aka mayar mini da koriyar jakar, zaren ma ba a ɓatar ba.

Na iso Matameye da la'asar. Na iske Baba a zaure ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Ya ga jakar a hannuna, ya ajiye butar.

"Nauyin ne?"

"A'a, Baba. Nauyi ya kai."

Na gaya masa duka, ina tsaye. Na gaya masa ƙyandar, da shekarun makaranta, da ranar da Sarjan ya yi maganar raɗa. Ban ambaci Inna ba, amma ya san wanda ya yi jinyata.

"Ran da na tambaye ka a sito ko kana da magana," ya ce, "ka riga ka sani?"

"Na sani."

Ya ɗauki butar ya ƙarasa wanke ɗayar ƙafar. Ya tashi ya tafi masallaci. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ga Inna ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kwana takwas bai yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Inna ma iyakarsu abin da ya zama dole.

Yaya ce ta fara karya shirun, a nata salon. Da aka sauke tukunya a yammacin ranar da na dawo, ta ɗauko kwanon da ake kai mini ɗaki ta kife shi a kan danga, ta zuba tuwon kowa daidai. Da asuba ta jingina hauya a ƙofar ɗakina.

"Naman nan namu ne," ta ce. "Zo ka mayar mana da shi a gona."

Na bi su. Hannuwana sun yi laushi, kafin azahar sun yi bororo sun fashe. Na yi noma a makonnin nan kamar wanda ake bi da bulala, kuma ban ji daɗin wani abu a wannan shekarar kamar gajiyar da nake kwana da ita ba. Sarjan da na je gaishe shi ya ce da na gaya masa tun farko da ya san abin da zai ce mini, amma bai faɗi ko mene ne ba. Shi ya sake zaunar da ni na rubuta wata wasiƙar roƙon, ta makarantar malamai, ya cire takardun da za su yi amfani daga cikin jakar ya jera su sabo.

A rana ta tara muna gona, ni ina noman kunyar da ke gaba, Baba yana bayana ta hagu. Ashe ya kira ni sau uku ban ji ba. Sai na ga inuwarsa ta wuce ta gabana. Ya zagayo ta damana, ya tsaya, ya ce in miƙo masa gorar ruwa. Ya sha, ya miƙo mini. Daga nan ya ci gaba da nomansa ta wannan gefen.

Gero ya nuna a shekarar. Mun ci tumu a gona, an cika rumbu har an yi ƙari. Mijin Yaya ya dawo ta hanyar da ya bi, a rame, da rabin buhun garin rogo a ka, ta koma ɗakinta. Takardar makarantar malamai ta zo, an ɗauke ni.

Ana saura mako guda in tafi, Baba ya ce in shirya za mu Damagaram. Ban tambayi dalili ba. Muka sauka a tasha, ya nufi babban asibiti da ni, muka bi layi tun hantsi har bayan azahar. Da muka shiga, shi ya yi bayani, ni ina fassara wa likitan abin da ake faɗa a kaina. Likitan ya duba kunnen, ya ce fatar ciki ta daɗe da lalacewa, babu abin da za a yi yanzu, sai dai a kiyaye ɗayan, kada ruwa ya shiga, kada a soka masa tsinke.

"Tambaye shi," in ji Baba, "da an kawo ka tun lokacin, da an gyara?"

Na tambaya. Likitan ya ce wataƙila, ba zai iya rantsuwa ba. Na fassara yadda ya faɗa, ban rage ba. Baba ya dubi ƙasa.

"Ina Kano a ranin nan," ya ce, ba da likitan yake ba, ba kuma da ni ba. Sannan ya ɗago. "Yana yi maka ciwo?"

"Ba ya yi, Baba."

"Ko da sanyi?"

"Ko da sanyi."

"To, alhamdu lillahi."

Ya yi wa likitan godiya, muka fito. Motar Matameye ba ta cika ba, sai muka zauna a kan wani benci a inuwar rumfar tasha muna jira. Ya ce kafin in tafi yana so mu gyara bakin rijiyar gida, don damina ta zubar da gefe ɗaya, kuma shi kaɗai ba zai iya ɗaga itacen ba. Na ce gobe da safe sai mu fara. Ya ce a'a, gobe akwai sadakar bakwai ta wani mamaci a Ɗan Barto da ba zai iya ƙin zuwa ba, sai jibi. Muka tsayar da jibi.